Takalmin da ke Bakin Ƙofa

Kibiya,
19 ga Yuli, 2003.

Zuwa ga mahaifina, Malam Datti, Rurum Tsohon Gari.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi da biyayya, ina fatan kana lafiya, kai da dukan mutanen gida. Yaya gwiwar taka? Yaya ɗalibai, yaya kuma damina? Mu ma nan lafiya lau muke, ni da jikarka Mu'minat, sai godiyar Allah.

Baba, saƙonka ya iso ni ta bakin Yaya Abdurrahman. Na zaɓi in ba ka amsa a rubuce, domin na san kaina: da zarar na durƙusa a gabanka bakina mutuwa yake yi, ba abin da ke fita sai "to". Na kuma san kana karanta boko sarai, ko da yake kana nuna wa mutane ba ka iya ba, saboda haka ba sai ka ba wani ya karanta maka ba.

Ka ce in shafe takalmin da ke cikin zanena, kuma kada in tako Rurum sai na shafe. Ka gafarce ni, Baba. Ba zan shafe ba.

Na san Alhaji Ramalan, baffan marigayi mijina, ya riga ni zuwa wajenka, kuma shi mutum ne da in ya ɗauko magana daga Rano, kafin ta kai Rurum ta yi ƙiba. Bari ka ji tawa.

Ranar da za ka bar ni in tafi koyon zane a kwalejin horon malamai, sharaɗi ɗaya ka kafa mini, cewa kada hannuna ya zana mai rai. Shekara tara ke nan ban zana ko ƙadangare ba. Ɗakuna nake zanawa. Abokan karatuna sun yi ta yi mini dariya, wai mai zanen tukwane. Ban damu ba, domin a wajenka na koyi cewa launi da layi kaɗai suna magana. Ina ƙarama nake zama gefenka kana yi wa masu sauka zayyana a allo. Na lura allon yaron da ya sha wuya kafin ya sauke ja kake cika masa, na marayu kuwa kore. Ba ka taɓa faɗa ba, amma na gani.

Da baban Mu'minat ya rasu a hanyar Saji cikin watan Janairu, na shiga takaba a ɗakin nan namu na Kibiya. Wata huɗu da kwana goma ina kallon bango huɗu. Na aiko na tambaye ka ko mai takaba za ta iya riƙe burushi, ka ce ba ka ga hani ba. Sai na ɗaure yadin akoko a jikin katako, na zana ɗakin da nake ciki. Na zana gadon a gyare. Na zana madubi a juye yana kallon bango, yadda tsofaffi suka juya shi ranar rasuwa. Ga kwanon tuwo rufe da faifai, ga buta cike da ruwa, ga hasken la'asar ya shigo ta ƙasan labule ya kwanta a daɓe. Lokacin dawowarsa ke nan daga gonakin da yake dubawa. Na gama duk wannan, na ja baya na duba, sai na ga ɗakin kowa ne. Ba ya jiran kowa. Shi ne na zana takalminsa a bakin ƙofa, sau-ciki ruwan ƙasa, mai facin jar fata a gefen dama, wanda wani baduku ya yi masa a kasuwar Rano. Ina gama shi ɗakin ya zama nawa. Ran nan na yi kukan da ban yi ba ko ranar jana'iza. Na sa kwanan wata a ƙasa kamar yadda aka koya mana: ashirin da takwas ga Maris.

Abin da na manta shi ne, tun bayan addu'ar arba'in aka raba suturar marigayi, takalmin nan kuma ya faɗa hannun ƙaninsa Jabiru. Tun daga nan kullum yana ƙafarsa, masallaci da kasuwa, duk Rano an san shi da jan facin nan.

Makon jiya aka yi bikin ba da kyaututtuka a makarantarmu, shugabar makaranta ta ce in rataye zane-zanena iyaye su gani. Alhaji Ramalan na cikin manyan baƙi. An ce ya daɗe tsaye gaban wannan, har na ji daɗi, na ɗauka ɗan ɗan'uwansa ya tuna. Ashe lissafi yake yi. Ya karanta kwanan wata, ya ƙirga da yatsu ya ga ina cikin takaba, ya dubi takalmi ya ga na Jabiru. Kafin magariba magana ta gama gari, wai hoto ya nuna takalmin ƙanin miji a ƙofar mai takaba.

Ka ji fa, Baba. Na kiyaye sharaɗinka ban zana mutum ba, su kuma sun leƙa ɗakin da babu kowa sun samo namiji a ciki.

In na shafe yau, gobe za a ce ta ɓoye shaida. Wanda bai gani ba ma zai rantse ya gani. Kai ka raine ni, ka san abin da zan iya da wanda ba zan iya ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba ka aiko ka tambaye ni ba, hukunci kawai ka aiko.

Ka gaishe mini da kowa da kowa. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

'Yarka,
Afra'u.

Kibiya,
3 ga Agusta, 2003.

Zuwa ga Baba Malam.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar girma, tare da fatan ka tashi lafiya. Na ji an ce ruwan ranar Talata ya rushe katangar bayan makarantarka. Allah ya kiyaye gaba, ya sa iyakarta ke nan. Mu'minat ta yi ɗan zazzaɓi amma ta warware, tana ta tambayar yaushe za mu je wajen mai tsohuwar gwiwa.

Ba ka amsa wasiƙata ba, amma ka turo Yaya Abdurrahman zaman da aka yi a Rano, saboda haka na san ka karanta. Na kuma san Yaya zai rage maka labarin don kada ranka ya ɓaci. Ni ba zan rage komai ba.

A zauren Alhaji Ramalan aka zauna. Shi ne a kan kujera, ga dattawan gidan guda uku, ga Yaya, ga Jabiru a rakuɓe kamar wanda aka kama da akuyar mutane. Surukata Inna Saude tana daga bayan ƙofa, ba a ganinta amma ana jin tarinta. Na shigo da zanen a naɗe cikin zani, na buɗe shi na jingina da bango. Ba su so haka ba. Sun so a yi maganar abin ba tare da abin yana wurin ba.

Alhaji ya fara da cewa shi bai zargi kowa ba, shi dai abin da ya sani hoto ba ya ɗaukar abin da babu. A nan na gane inda gizo ke saƙar. A wajensa duk hoto ne, da wanda ake ɗauka da kyamara ranar suna, da wanda mutum ya zauna ya fitar daga zuciyarsa. Ya ɗauka abin da ke gabana ran nan shi na kwafa.

Sai na tambaye shi launin bangon ɗakina, tunda ya shiga ya yi mini gaisuwa. Ya ce kore. Na nuna masa bangon zanen, ruwan toka ne. Na ce ban sake fenti ba, haka dai ɗakin ya koma a idona tun da aka fita da mai shi. Na tambaye shi ko ya taɓa jin an dafa wa mamaci tuwo an rufe da faifai har wata uku. Sannan na ce su matso su dubi takalmin da kyau. Akwai taɓo a jikinsa, ɗanye, irin jan taɓon gonakin Madachi da marigayi yake kwaso mini kowace damina in yi ta mita. Na ce a gaya mini inda Jabiru ya samo ɗanyen taɓo a ƙarshen Maris, lokacin da ko rijiya sai an ƙara mata igiya. Wani dattijo ya fara dariya, Alhaji ya harare shi ya mai da ita tari.

Na ɗauka an gama. Ina! Alhaji ya ce ai kowa ya san yadda nake wasa da Jabiru tun ina amarya. Baba, wace mace ce a ƙasar nan ba ta wasa da ƙanin mijinta? Yaron da na zo gidan yana aji biyu na sakandare, ni nake ɓoye masa ƙanzo? Nan fa raina ya ɓaci, na manta gaban manya nake.

Na ce masa tunda yanzu ko'ina Shari'a ake kira, a rediyo da kan mumbari, to ni ma na ji kiran, kuma ban ji inda aka ce ta maza ce kaɗai ba. Na ce ubana ya karantar da ni hukuncin wanda ya jefi mace da alfasha bai kawo shaidu huɗu ba, bulala tamanin ne. In yana da magana ya faɗe ta da bakinsa a fili, mu tafi gaban alƙali, ya zo da mutum huɗu da suka gani da idonsu. In kuwa zanen ne mai shaidar, to a ɗauke shi a kai shi kotu a ba shi rantsuwa mu ji. Yaya ya yi ta taka mini gefen zani. Ban kula shi ba.

Alhaji ya ce shi Allah ya sani bai ce komai ba. Dattawa suka ce to magana ta mutu, amma don a zauna lafiya in shafe takalmin. Na ce in magana ta mutu, me takalmi ya yi? Na naɗe abina na fito.

Na san za ka ce na yi rashin kunya. Wataƙila na yi. Amma karatun da na yi musu naka ne, ban ƙara ko wasali ba. Ka zaunar da ni tare da maza ka koya mini, ashe ba ka zaci ranar amfaninsa za ta zo ba?

Shugabar makaranta ta karɓe darasin zane daga hannuna, wai har magana ta kwanta. Yanzu 'yan aji ɗaya nake koya wa tsabtar jiki. Na sauke sauran zane-zanen na kawo gida, wannan kuwa na rataye shi a ɗakina inda duk mai shigowa zai gani. Mata sun yi ta zuwa, wasu gulma ta kawo su, na sani. Amma wata tsohuwa maƙwabciyarmu, wadda mijinta ya rasu tun ban zo duniya ba, ta zauna gabansa ta daɗe, sannan ta ce ita ma shekara guda ta yi tana cika buta da la'asar. Ita ba ta tambaye ni takalmin wane ne ba.

Ina nan ina jiran izininka in zo. Ka gai da mutanen gida. Allah ya bar mana kai.

'Yarka,
Afra'u.

Kibiya,
21 ga Agusta, 2003.

Baba,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, da dukan iyali. Mu muna lafiya.

Takardarka ta ajami ta iso. Na sumbace ta kafin in buɗe, domin rabona da ganin rubutunka tun rasuwa. Na gode da ka ce ba ka taɓa zargina ba ko na ƙiftawar ido. Da ka faɗi haka tun farko, da na yi barci a makonnin nan.

Amma ka san inda za ka soke ni, kuma ka soka. Ban san iyayen yarinyar da Jabiru yake nema sun mayar da kayan sa rana ba sai a takardarka. Ka ce ni na tsaya na kare kaina da baki, shi kuwa ba shi da baki, kuma muddin zanen yana rataye mutane suna zuwa kallo, sunansa ne yake rataye. Ka ce in ba zan shafe don Alhaji Ramalan ba, in shafe don yaron da bai ci ba bai sha ba.

Wannan ba ni da amsarta. Kwana uku ke nan ina juya ta. Wallahi tausayinsa nake ji har cikin ƙashina, kuma ina jin haushinka da ka fi ni gaskiya a nan. Ka ba ni mako guda.

Allah ya saka maka da alheri. A gai da kowa.

'Yarka,
Afra'u.

Kibiya,
30 ga Agusta, 2003.

Zuwa ga mahaifina, Malam Datti.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan alheri gare ka da duk wanda yake ƙarƙashin inuwarka. Yaya jiki, yaya ɗalibai? An ce an fara cin sabon gero a wajenku, Allah ya sa albarka. Ni da Mu'minat lafiya ƙalau.

Makon da na roƙa ya cika, ga abin da ya faru.

Ranar Laraba da hantsi na sauke zanen. Na haɗa fenti daidai launin daɓen, na gwada a gefe har sau uku don kada a ga tabo. Na yi niyya, Baba, Allah ne shaidata. Burushi yana hannuna aka yi sallama. Inna Saude ce, ita kaɗai, ta hawo motar haya tun daga Rano, matar da ko gidan biki sai an yi da gaske take zuwa. Tana riƙe da ƙulli a baƙar leda.

Bayan mun gaisa ta sha ruwa, ta tura mini ledar. Takalmin ne. Ta ce Jabiru ya cire shi tun ranar zaman, ya rantse ba zai ƙara sa shi ba, silifa yake yawo da shi. Shi ya ce a kawo mini, kuma a gaya mini kada in taɓa zanen saboda shi. Wai yarinyar da iyayenta za su fasa aure saboda fenti, gara da aka fasa tun yanzu. Ashe yaron yana da baki, mu ne ba mu tambaye shi ba, ni da kai duka.

Na yi murna da ganin takalmin, ba zan ɓoye maka ba. Har na ce a raina shi ke nan, ga na gaske ya dawo, na zane ya tafi, kowa ya huta. Na fito da shi daga leda na ajiye a bakin ƙofa, inda yake zama.

Baba, ba shi ba ne.

Fatar ita ce, jan facin yana nan. Amma marigayi take dunduniyar hagu yake yi, saboda kullum cikin sauri yake, har bayan takalmin ya kwanta ya zama kamar silifa. Jabiru ya kai an tayar da shi an sa masa sabon ɗinki. Ƙafar marigayi faɗi gare ta, ta buɗa bakin takalmin. Jabiru siririyar ƙafa gare shi, ya cusa tsumma a gaba, fatar ta tattare ta bi tasa ƙafar. An goge shi da man takalmi yana ƙyalli, abin da mai shi bai taɓa yi ba tun da ya saye shi. Na ɗaga na shinshina, ko warinsa babu. Wata shida kawai, takalmin ya manta da shi.

Inna Saude tana kallona. Sai ta tashi ta je gaban zanen, karo na farko da ta gan shi ido da ido, domin ranar zaman tana bayan ƙofa. Ba ta dubi gado ba, ba ta dubi kwano ba. Ta sa yatsa a kan dunduniyar nan da ta kwanta, ta kira sunan da take kiransa da shi yana yaro, wanda ni ma ban taɓa ji ba. Ta ce tun yana shekara bakwai take dukansa a kan take takalmi bai daina ba. Muka zauna a ƙasa ni da ita muka yi ta kuka, fentin da na haɗa ya bushe a kwano.

Suturarsa an raba, babur ɗinsa an sayar, ɗakin ma na gwamnati ne, wata rana za a ce in tashi. Mu'minat shekararta huɗu, ta fara mance muryarsa. Duk duniya babu sauran inda ƙafar mutumin nan take sai a kan yadin akokon nan. Shi kake so in bi da fenti, don Alhaji Ramalan bai san bambancin zane da hoto ba?

Ba zan shafe ba, Baba. Wannan karon ba da fushi na faɗa ba, kuma ba zan sake faɗa ba.

Ka ce kada in tako Rurum sai na shafe. Ban taɓa tsallake maganarka ba tun da na yi wayo, amma ranar Juma'a in Allah ya kai mu ina tafe, ni da jikarka, da zanen yadda yake. Ba zan shiga gida ba. Zan tsaya a ƙofar zaure in buɗe shi, ka fito ka duba da idonka, kai da ka san abin da ja yake faɗa da abin da kore yake faɗa. In ka duba ka ce in juya, zan juya, motar Kibiya ba ta tashi sai bayan la'asar. Amma sai ka fito ka faɗa mini da bakinka.

Ka gaishe da mutanen gida baki ɗaya. Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa ka gama da duniya lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Ni ce 'yarka mai taurin kai, wadda ka san inda ta gado shi,
Afra'u.